Hannun Da Ya Taɓa Mayafi

A ƙarƙashin gidan Mae Lamduan ake komai, kamar sauran gidajen garinmu Ban Non Kham. Sama wurin kwana ne kawai, ƙasa kuwa tsakanin ginshiƙai nan ake girki, nan ake saƙa, nan ake gulma. A nan Perla take zaune ranar da labarinmu ya fara, ta karkatar da ƙafafunta baya yadda aka koya mata don kada tafin ƙafa ya nuna babba, tana dakan ɗanyar gwanda a ƙaramin turmi.

"Barkono nawa kika jefa?" in ji Pa Thongbai, yayar Mae Lamduan, tana fifita da hular gona.

"Kaɗan na sa, Pa."

"Kaɗan! Lamduan, kin ji? Ticha za ta ba mu abincin jarirai. Ƙara, yarinya, ƙara! Ku a ƙasarku ba ku da harshe ne?"

Perla ta yi dariya ta ƙara. Ita 'yar ƙasar Filifin ce, aikin koyar da Turanci ya kawo ta makarantar firamaren garin, ba ta da kowa a nan. Kirista ce, da ɗan gicciyenta a wuya, amma tun zuwanta ba ta taɓa wuce wat, gidan ibadar garin, ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ta koyi yaren, ta koyi cin shinkafa mai danƙo da hannu, ta koyi duƙawa idan za ta gifta gaban tsofaffi. A cikin haka ne Wirat, ɗan Mae Lamduan tilo, mai gyaran injinan ban-ruwa, ya gyara mata babur sau ɗaya, daga nan kuma babur ɗin ya riƙa buƙatar dubawa kowane mako ko lafiyarsa ƙalau.

Ranar nan Wirat ya wanke baƙin man da ke hannunsa tas, ya zo ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Mae, ni da Perla... muna so bayan girbi a yi."

Mae Lamduan ta ci gaba da tsince ganye kamar ba ta ji ba, sai can ta ce, "Yarinyar nan ban ƙi ta ba. Tana da ladabi fiye da wasu da aka haifa a garin nan. Amma kai ɗanye ne, Wirat. Namijin da bai taɓa ɗaukar rawayan mayafin 'yan zuhudu ya zauna a wat ba ɗanye ne, wa zai ba shi gida ya riƙe? Ubanka ya mutu bai gan ka a wat ba. Ni kuma kai kaɗai na haifa, mayafinka zan kama in hau sama idan na mutu. In ka yi aure kafin ka shiga, rabin ladan matarka ce za ta kwashe."

"Kuma matar ma ba ta san me za ta yi da shi ba," in ji Pa Thongbai. "Asara biyu!"

"Damina ɗaya nake roƙo," in ji Mae Lamduan. "Ka shiga da farkon ruwa, ka fito idan ya ɗauke. Sai a yi biki."

Wirat ya dubi Perla. Ita ce ta riga shi magana.

"Ya shiga, Mae. Haƙƙinki ne. Zan jira."

Haka aka yi. Aka aske masa kai da gira, aka zaga wat da shi da kiɗa da rawa, Perla kuma aka miƙa mata matashin kai ta ɗauka a cikin jerin gwanon. Kowa ya san ma'anar wannan: wadda ta ɗauki matashi ita ce matar gobe. 'Yan mata suka yi ta guɗa suna tsokanarta, ita kuwa tana dariya tana share hawaye. Daga wannan rana ya zama Luang Phi Wirat, laƙabin da ake kiran ɗan zuhudu da shi. Mahaifiyarsa ma sai ta duƙa masa. Mace ba ta taɓa shi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ba ta keɓewa da shi. Ko sunanta ya daina kira, sai "Yom", yadda 'yan zuhudu ke kiran kowa.

Abin da ya rage mata shi ne safiya. Kullum gari na wayewa takan turara shinkafa, ta fito bakin titi kusa da Mae Lamduan, ta cire takalmi, ta durƙusa. 'Yan zuhudu su zo a jere ba takalmi, tsoho a gaba, Wirat a ƙarshe. Ta gutsuri shinkafa ta saka a kwanonsa a hankali, tana kiyaye kada yatsanta ya goge bakin kwanon. Ba ya kallonta, ita ma ba ta kallonsa. Ƙafafunsa kawai take gani, da haka take gane ko ya rame ko kaushi ya dame shi. Wannan ya ishe ta yini.

Saura kaɗan damina ta ƙare abin ya faru. An kwana ana ruwa, titin ya yi santsi. 'Yan zuhudu sun tsaya suna yi wa mata addu'a, idanunsu a ƙasa, sai ga wata motar ɗaukar rogo ta sha kwana da gudu, bayanta ya zame ya nufo ƙarshen layin. Perla ce kaɗai take fuskantar wajen. Ba ta yi tunani ba. Ta zabura ta cafki damtsensa da hannu biyu ta fizgo shi, suka faɗa cikin kwata tare, kwanon ya tuntsure, shinkafa ta watse cikin taɓo. Motar ta wuce ta daidai inda yake tsaye ta daki shinge.

Sai muryar Pa Thongbai ta tashi.

"Wayyo! Ta taɓa shi! Ta rungume shi a gaban jama'a! Sake shi, ke! Sake mayafin!"

Perla ta dubi hannunta, ga gefen mayafin a damƙe. Ta saki kamar ta taɓa wuta, ta ja baya da gwiwa, ta kifa goshi a ƙasa. "Ku gafarce ni... motar... ku gafarce ni!"

A ranar Luang Pho, dattijon da ke shugabancin wat, ya faɗa a gaban kowa cewa babu laifi a kan Wirat, domin ba da nufi ba ne, kuma yarinyar rai ta ceta. Mutane suka ce to. Amma maganar shugaba a wat take tsayawa, maganar Pa Thongbai kuwa gida-gida take shiga.

"Luang Pho mutumin kirki ne, ba ya son kunyata kowa," ta ce wa ƙanwarta da yamma, Perla na tsaye a bakin matakala tana ji. "Amma ke yi tunani. Da wata tsohuwa ce ta ja shi, da sauƙi. Budurwarsa ce fa! Me ya ji a ransa lokacin da ta riƙe shi? Tulun ya fashe, Lamduan. Ladan da kika tara duk ya tsiyaye a kwata. Mijinki can yana jira, hannu wofi."

Mae Lamduan ta yi kuka har idonta ya kumbura. Perla ta matso ta durƙusa.

"Mae, da na bar shi da motar ta..."

"Na sani! Kina tsammanin ban sani ba? Kin ba ni ɗana, kin kuma ƙwace min abin da zan mutu da shi. Yanzu in gode miki ne ko in tsine miki? Tashi ki tafi, kaina zai rabe."

Da ruwa ya ɗauke, sauran samarin da suka shiga tare suka ajiye mayafi suka koma gonakinsu. Mae Lamduan ta je wat ta roƙi ɗanta ya ƙara damina ɗaya, tsaftatacciya, wadda ba hannun kowa a cikinta. Ya amsa. Wane ɗa ne zai ce wa uwa a'a a kan wannan?

Perla ta ci gaba da fitowa da safe, sai dai yanzu ita kaɗai, can ƙarshen titi. Matan da ke durƙusawa kusa da ita suka janye. A kasuwa, idan ta wuce, sai ta ji ana cewa, "Ga mai farautar rawaya nan." Wani uba ya cire ɗansa daga ajinta.

Namfon, wata matashiyar malama da suke zama ɗaki ɗaya a makaranta, ta gaji da ganin haka.

"Perla, sori fa, amma ke wace iri ce? Ki tura masa mesej ta hannun wani! Ki ce ya fito. Kalma ɗaya!"

"Ba zan iya ba."

"Me ya sa? Addininki ne? Ba addininki ba ne!"

"Nasa ne. Na uwarsa ne. Kin fi ni sanin yadda ake kallon macen da ta janye mutum daga mayafi. Na taɓa shi sau ɗaya don dole, kin ga abin da ya biyo baya. In na kira shi da bakina, abin da Pa ke faɗi ya zama gaskiya ke nan."

"To kwantiraginki fa? Bizarki fa? Haka za ki yi ta sabuntawa kina jiran mutumin da ko kallonki ba ya yi?"

"Ya san ina nan. Kullum shinkafata na cikin kwanonsa."

Damina ta biyu ta zo ta wuce. Ranar fita ta zo, Wirat bai fito ba. Aka ce yana karatun littattafan addini, zai zauna jarrabawa tukuna. Wata damina ta bi bayanta. Wannan karon ba wanda ya roƙe shi ya zauna, ba kuma wanda ya tambaye shi dalili. A garinmu ba a tambayar ɗan zuhudu yaushe zai fita, alfahari ake yi da shi. Shagonsa ya yi tsatsa, aka sayar da kayan aikin. Ƙafafun da Perla ke gani da safe suka daina sauri. Tafiyarsu ta zama irin ta tsohon da ke gaba, a natse, ba su nufi ko'ina ba. Mahaifiyarta ta yi ta kira daga Filifin tana kuka, "Dawo gida, 'yata, shekarunki suna tafiya!" Takan ce, "Saura kaɗan, Mama," ta kashe wayar ta zauna tana kallon bango.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mae Lamduan a gona. Da aka sallamo ta daga asibiti ba ta iya tashi, bakinta ya karkace. Pa Thongbai ta yi jinya 'yan kwanaki, sannan ta tuna da ciwon bayanta da jikokinta da ke birni. Ɗa tilo yana cikin mayafi, ba zai ɗaga uwarsa ba, ba zai yi mata wanka ba. Yakan zo ya zauna nesa kaɗan ya yi addu'a ya koma.

Ba wanda ya kira Perla. Ita ce ta ɗauko jakarta ta hau matakalar gidan da aka kore ta. Ta wanke tsohuwar, ta sauya shimfiɗa, ta dama kunun shinkafa ta riƙa ba ta da cokali. Da safe ta turara shinkafa, ta cicciɓo Mae Lamduan zuwa bakin titi, ta riƙe mata hannun da ya mutu su saka a kwano tare, don kada ladan safiya ya wuce ta. Daga nan ta tafi makaranta, da rana ta dawo a guje ta juya ta.

Watanni suka shuɗe kafin harshen tsohuwar ya warware. Wata rana Perla na taje mata kai, sai ta ji an riƙe mata tsintsiyar hannu.

"Ke... me na yi miki... da kike min haka?"

"Ba komai, Mae. Sunkuya in gama."

"Ƙarya. Na cuce ki." Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. "Ɗauke ni... kai ni wat."

A keken guragu Perla ta tura ta. Ranar ibada ce, zauren cike da mutane, Pa Thongbai ma ta dawo tana sahun gaba da farar riga. Mae Lamduan ta sa aka kai ta gaban ɗanta, ta haɗa hannu ɗaya a ƙirji tunda ɗayan ba ya ɗaguwa.

"Luang Phi," ta ce, kowace kalma da ƙyar, "ni na saka ka. Na ƙoshi. Ladan da zan samu yarinyar nan tana kuka... ba na so. In zunubi ne, a kaina. Fito ka aure ta."

Zauren ya ɗauki hayaniya. "Lamduan, kin haukace?" in ji Pa Thongbai. "A bakin kabari za ki zubar da..."

"Yi min shiru, Yaya! Kashina wa ya kwashe, ke ko ita?"

Wirat bai ɗago ba. Luang Pho ne ya ɗaga hannu aka natsu, ya ce mayafi ba uwa ce ke cire shi ba, ba kuma shugaba ba, bakin mai shi ne kaɗai. Bayan an watse ya sa aka kira Perla rumfar bayan zauren, shi kuma ya zauna gefe a matsayin shaida, yana kallon bishiyoyi.

Ta durƙusa nesa da shi, ta yi gaisuwa. Karo na farko cikin shekaru ta ɗaga ido ta kalli fuskarsa. Ya rame, ya yi haske, kuma babu wata damuwa a goshinsa.

"Yom," ya ce, "ba zan ɓoye miki ba. Daminar farko, kullum lissafin ranar fita nake. Ta biyu na yi fushi, da Mae, da Pa, da kowa. Ina ta jiran ki aiko ki ce in fito, ko da ido ne. Ba ki aiko ba. Sai na ce a raina ta haƙura da ni. Na yi kuka, sannan na koyi zama da abin. Daga baya... zaman ya zama nawa. Ban san lokacin da hakan ta faru ba."

"Ban haƙura ba," ta ce. "Mayafinka nake girmamawa. Na ɗauka ka gane. Kullum ina bakin titi!"

"Na ɗauka sadaka kike yi, kamar kowa."

Ta toshe baki da hannu. Luang Pho ya runtse ido.

"Raina ma ke kika tsamo shi," in ji Wirat. "Uwata kuma ke kika riƙe. Alkawari na yi miki, ban manta ba. Ki ce in fito, gobe zan ajiye mayafin. Ba zan taɓa yi miki gori ba."

Ga kalmar nan a bakinta, wadda ta riƙe shekara da shekaru. Yanzu uwa ta yarda, shugaba na zaune, ba mai zarginta. Ta dube shi sosai, tana neman mutumin da ke ƙirƙiro wa babur ciwo don ya gan ta. Ta ga mutumin kirki, mai cika alkawari, wanda zai fito ya zauna da ita har mutuwa, yana jin ƙarar gangar wat da asuba yana juya mata baya don kada ta ga idonsa.

"In ban ce komai ba fa?" ta tambaya. "Kai da kanka, za ka fito?"

Ya sauke ido kan mayafinsa. Wannan ya zama amsa.

"To ba zan ce ba, Luang Phi." Ta share fuska da bayan hannu. "Ni miji na jira, ba wanda zai zauna da ni don ya ga ya zama dole ba. Zauna lafiya. Na yafe alkawarin."

Ta sunkuya ta kai goshi ƙasa, ta ja baya da gwiwa, ta fita. Ta isa bakin ƙofa inda ta bar Mae Lamduan. Ta zube ta kifa kai a cinyar tsohuwar, ita kuma ta dafa ta da hannunta mai rai, suka yi ta kuka su biyu, mutane na wucewa suna kau da kai.

Ba ta koma ƙasarsu a lokacin ba. Ta ce ba za ta bar tsohuwa a hannun maƙwabta ba. Mae Lamduan ta tara dattawan unguwa, ta ɗaura wa Perla farin zare a tsintsiyar hannu a gabansu, ta ce, "Wannan 'yata ce. Wanda ya sake kiranta da wani suna, da ni yake." Ta rayu bayan haka har aka yi girbi, sannan ta cika da rana tsaka, kanta a kafaɗar Perla.

Ranar ƙona gawa, da aka zo wurin da ɗan mamaci ke fara ajiye furen itace a gindin akwati, mutane suka dubi Pa Thongbai, tunda ita ce babba a dangi. Tsohuwar ta tsaya jim, sannan ta juya ta miƙa wa Perla furen.

"Wuce gaba," ta ce, ba ta iya haɗa ido da ita ba. "Wurinki ne."

Garin gaba ɗaya ya bi bayan baƙuwar da ya taɓa yi wa suna. Da hutun makaranta ya zo ta haɗa kayanta, matan da suka guje ta a bakin titi suka rako ta tasha da ƙunshin shinkafa da busasshen kifi, suna kuka suna cewa ta dawo. Ba ta dawo ba. Luang Phi Wirat yana nan har yau, an ce shi zai gaji Luang Pho.

To, 'ya'yana, haƙuri ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma ba kullum yake biyan mutum da abin da ya roƙa ba. Perla ta zo neman miji, ta tafi da uwa da mutuncin gari guda, kuma ba wanda ya isa ya ce ta taka abin da mutane ke girmamawa. Ku kuma iyaye, ku ji tsoron cewa yaro "ƙara jira kaɗan" don amfanin kanku. Lamduan damina ɗaya ta ƙara, ta zo mayarwa ta tarar ba a hannunta abin yake ba.